Marsiyyar Tabawa Mai Daddawa

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni mai ganuwa, ya shekara talatin da ɗaya bisa gadon sarauta, har furfura ta game masa gemu mahaifiyarsa tana nan da ranta. Mutanen fada ba su san ta da wani suna ba sai Mai Babban Ɗaki, kamar yadda ake kiran uwar kowane sarki. Ran nan da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Aka yi mata sutura, aka kai ta makwancinta, sarki ya zauna karɓar gaisuwa kwana bakwai bai zubar da hawaye ko ɗigo ba, jama'a suna ta yaba dauriyarsa.

Ba dauriya ba ce. Sarki yakan rufe ido ya nemi fuskar uwarsa, sai ya ga farin lulluɓi, ya ga carbi, ya ga darduma, fuska kuwa babu. Ya nemi muryarta, ba ya jin kome sai "Allah ya yi albarka" ɗin da takan ce masa duk Juma'a idan ya shiga gaisuwa, kanta a sunkuye. Wannan abu ya tsorata shi fiye da mutuwar kanta. Yakan ce a ransa, mutumin da ya kasa tuna kamannin wadda ta haife shi, to shi ɗan wa ke nan?

Sai ya kira waziri ya ce, "Ya waziri, tara mini mawaƙan ƙasar nan da marubutanta. Kowa ya tsara marsiyya, waƙar makokin mahaifiyata. Ina son in ji baitin da zai dawo mini da ita, in gan ta kamar tana zaune gabana, kafin ranar sadakar arba'in."

Mawaƙa suka zo, kowa da gafakarsa a rataye, kowa yana hararar ɗan'uwansa. Na farko ya ce ita wata ce daren sha huɗu. Na biyu ya ga an riga shi ɗaukar wata, sai ya ɗauki rana. Wani ya ce ƙamshin almiski ke tashi inda ta taka, wani ya ce tun tana 'yar shekara bakwai ta sauke karatu a gaban mahaifinta, babban malamin nan na Gabas. Baitoci dai sun tsaru, amsa-amo bai karye ba, fadawa suna ta gyaɗa kai suna goge idanun da ba su jiƙe ba. Sarki ya saurara har mutum goma sha tara, zuciyarsa ba ta motsa ba. Matar da suke yabo kyakkyawa ce ƙwarai, amma bai san ta ba.

Ransa ya ɓaci, ya ce maƙaryata ne masu cin abincin fada a banza. Ya sa aka tsare su duka a wani soro, ya rantse idan arba'in ta cika ba a kawo masa abin da yake nema ba, zai kore su daga ƙasarsa, ya ƙone takardunsu.

Waziri ya san inda ciwon yake, amma waziri mutum ne mai son wuyansa. Ga yadda abin yake. Uwar sarki sunanta Tabawa, 'yar wata unguwa ce ta bakin ƙofar yamma, inda mata ke sana'ar daddawa. Mahaifin sarki ya aure ta tun yana ɗan sarki marar tabbas, ita kuwa ko da aka kawo ta gidan sarauta ba ta bar sana'arta ba, ta kafa tukwanenta a bayan ɗaki. Sarki ya tashi warin daddawa na bin rigarsa, 'ya'yan fada suna toshe hanci idan ya wuce, suna ce masa ɗan mai daddawa. Abin ya zauna masa a rai. Ran da aka naɗa shi, kafin rawani ya gama zama a kansa, ya ba da umarni aka kwashe tukwanen. Ya sa magatakarda ya cire takardar asalinta daga kundin sarauta, ya rubuta cewa ita 'yar wani malami ce daga Gabas. Ya kuma kafa doka, duk wanda ya sake haɗa sunanta da daddawa zai bar garin. Shekaru suka tura, waɗanda suka sani suka mutu ko suka kama bakinsu, har sarki da kansa ya daina tunawa da gangan, daga baya ya daina tunawa sam.

Da kwana talatin da uku suka wuce, waziri ya ga rantsuwar sarki na shirin cika a kan bayin Allah, sai ya yi ƙundunbala ya ce, "Allah ya ba ka nasara, saura mutum ɗaya. Malam Cindo, tsohon magatakardan fada, wanda ya ajiye aiki shekarar da aka naɗa ka. Yana can bayan ganuwa yana ɗinkin tsofaffin littattafai."

Aka je aka zo da shi. Tsoho ne siriri, rigarsa ta sha wanki har ta koɗe, yatsunsa baƙi ƙirin da tawada. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya zauna.

Sarki ya ce, "An ce a da ka fi kowa alƙalami a ƙasar nan. Me ya hana ka zuwa da aka kira marubuta?"

Malam Cindo ya ce, "Ya sarki, masu rubuta marsiyya aka kira, ni kuwa na riga na rubuta tawa."

"Yaushe?"

"Shekara talatin da ɗaya ke nan."

Sarki ya ce, "Tsufa ya taɓa ka, Malam. Ana yi wa mai rai marsiyya?"

"Ya sarki, in ka yarda in yi maka tambaya. Mata nawa suka haife ka?"

Fadawa suka dubi juna. Sarki ya ce, "Ɗaya, kamar kowane ɗan Adam."

"To wacce ce ta rasu? 'Yar malamin Gabas, ko Tabawa mai daddawa ta ƙofar yamma?"

Dogarai suka matso suna jiran a ɗaga musu yatsa, waziri ya shiga nazarin tabarmar da yake zaune a kai kamar bai taɓa ganinta ba. Sarki bai ɗaga yatsa ba. Sunan nan ya shekara talatin da ɗaya bai shiga kunnensa ba.

Tsohon ya ci gaba ya ce, "Idan 'yar malamin Gabas ce, ya sarki, saki mawaƙan nan, ba su yi kuskure ko na wasali ɗaya ba. Abin da ke cikin kundi suka karanta, shi suka waƙe. Ni na haifi matar nan da alƙalamina ran da aka naɗa ka. Na yi mata uba, na yi mata kakanni bakwai, amma ban yi mata fuska ba, domin ba ka umarce ni ba. Yaya za ka tuna fuskar da ba a taɓa yi ba? Idan kuwa Tabawa kake nema, ni da kai muka binne ta tana numfashi. Kai ka nuna wurin, ni na tura ƙasa. Da na gama na dubi hannuna, na ga ba zan iya sake riƙe alƙalamin fada da shi ba."

Sarki ya ce, "Ka san dokar da ka taka yanzu?"

"Na sani, ni na rubuta ta. Amma na kori kaina tun kafin ka kore ni, ya sarki, babu sauran abin da za a raba ni da shi."

Fushi ya taso wa sarki, ya koma. Can ya ce a hankali, "To rubuta mini ita. Ta gaskiyar."

"Ba zan iya ba. Daga nesa na san ta, takardar asalinta kuwa a gabanka aka ƙone ta. Abin da ya saura na Tabawa a duniya yana bakin wata tsohuwa, Tasalla, ƙawarta tun suna 'yan mata."

"A kawo ta."

"Idan aka kawo ta nan, ta ga dogarai, labarin 'yar malamin Gabas za ta ba ka, har ta fi mawaƙan iyawa. In kana son gaskiya, sai ka je ka same ta a gindin tukunyarta."

Kashegari da sassafe sarki ya sa riga marar ado, ya fita a ƙasa, daga shi sai waziri da Malam Cindo. Tun kafin su shiga unguwar warin ya tarye su. Waziri ya kai hannun riga hanci. Sarki kuwa ya tsaya cik a tsakiyar lungu, domin warin nan ya buɗe masa wata ƙofa da ya manta akwai ta. Ya tuna bayan ɗakinsu da hantsi, hayaƙi na tashi daga murhu, kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, tana tafasa a babbar tukunya tun jiya. Ya tuna yadda yakan zauna kan turmin da aka kifa, bakinsa rawaya da garin ɗorawa, yana kallon ana surfa kalwa da toka. Ya tuna kwandon da ake rufewa da ganye kwana uku, da yadda aka hana shi ɗagawa, da yadda yakan ɗaga. A lokacin nan ba wanda ya taɓa gaya masa cewa wari ne. Warin gida ne kawai, kuma bai taɓa jin daɗin zama a wani wuri kamar yadda ya ji a kan turmin nan ba.

Suka tarar da Tasalla a tsakar gida, tsohuwa tukuf, tana mulmula daddawa tana jerawa a faifai. Da ta gane wanda ya shigo sai ta durƙusa.

Sarki ya ce, "Iya, labarin mahaifiyata na zo ki ba ni."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ina zan san Mai Babban Ɗaki? Mu dai mun ji an ce 'yar babban malami ce, daga can Gabas."

Malam Cindo ya dubi sarki. Sarki ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Ya janyo wani guntun turmi ya zauna, ya ce, "Iya, na ɗage dokar nan daga yau. Ba sarki ne ya zo ba. Na-Tabawa ne."

Tsohuwa ta ɗago ta ƙura masa ido, ta daɗe tana kallonsa. Sa'an nan ta gyara zama ta ce, "Ashe kana sane da sunan. To, tun da ka tambaya."

Ta ba shi labari, hannunta bai bar aiki ba. Ta ce Tabawa baƙa ce gajera mai wushirya, dariyarta ana jin ta daga ƙofar gari. Bahaguwa ce, da hagu take mulmula, shi ya sa kowa ke gane daddawarta a kasuwa, gefe guda ya fi tudu. Ga faɗa, in ta fara sai an kai ruwa rana, amma ba ta kwana da mutum a rai. Ba ta tsoron maciji, amma ta ga kwaɗo sai ta haye turmi. "Kai kuwa," in ji Tasalla, "ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunanka ba, kunya. Sai dai ta ce wancan yaron. Wancan yaron ya yi haƙori, wancan yaron ya fara tafiya. Har ka yi gemu kana wancan yaron."

Sarki ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Kin daɗe rabonki da ita ke nan."

"Wa ya gaya maka? Bara war haka tana nan zaune inda kake. Duk shekara in ɗorawa ta nuna sai ta ari zanen baiwarta, ta lulluɓa, ta fito ta ƙofar baya. Ta zo nan ta tuɓe awarwaro, ta zuba hannu cikin kalwa har gwiwar hannu, mu yi ta hira muna zagin mazan da suka mutu suka bar mu. In ta gama ta ƙulle rabonta ta tafi da shi. Tun da ta rasu, ka ji miyarka daidai?"

Sarki ya tuna sau biyu ya sa aka sauya masu dafa masa abinci cikin wata guda, yana cewa sun lalace.

"Ta hannunta kake ci shekara talatin," in ji tsohuwa. "Ta ce wancan yaron ba ya iya cin ta kowa, ko da bai sani ba."

Waziri ya juya baya yana duban katanga. Sarki ya yi tambayar da yake tsoro. "Iya, ta yi fushi da ni?"

"Ta yi mana. Kada wani ya yi maka ƙarya. Shekara guda cur ba ta ambace ka ba, ko da wancan yaron. Daga baya ta sauko, ta ce rawani nauyi gare shi, kan yaron nan kuwa ƙarami ne tun yana goye. Tukwane ta yafe. Abu ɗaya ne ba ta daina kuka a kai ba har ta koma ga Allah."

"Mene ne?"

"Ubanta. Jatau sunansa, mai hawan ɗorawa, shi ya rene ta shi kaɗai bayan uwarta ta mutu, daga kan itace kuma ya faɗo ya rasu yana nema mata abin aure. Aka shafe shi, aka ba ta wani uban da ba ta taɓa gani ba. Duk sallah malaman fada su taru su yi wa malamin Gabas addu'a, tana zaune tana cewa amin. Ta ce mini, Tasalla, ni kaɗai na rage ina kiran sunan Baba a addu'a. Ran da na mutu, shi ke nan, kamar ba a taɓa yin sa ba."

A nan ne fuskar ta zo masa. Ba fuskar dariyar da yake fata ba ce. Ya gan ta tsaye a bayan ɗaki ran da aka naɗa shi, bayi suna fita da tukwanenta ɗaya bayan ɗaya, hannuwanta a jiƙe, tana kallonsa shi da sabon rawaninsa. Ya ga wushiryar, ya ga 'yar tsagar da ke kumatunta, ya ga yadda leɓenta na ƙasa ke motsi. Sai ya gane tun daga ranar nan bai sake yarda ya dubi idonta ba, ita ma ta sauƙaƙa masa ta riƙa sunkuyar da kai. Sarki ya kifa fuskarsa a tafin hannu ya yi kuka kamar yaro, a tsakar gidan mai daddawa, ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri.

Da suka koma fada ya sa aka buɗe wa mawaƙa, ya tsaya da kansa ya nemi gafararsu. Sa'an nan ya dubi Malam Cindo ya ce, "Yanzu za ka iya rubutawa?"

"Zan iya, ya sarki, amma da sharaɗi. Ba a rubuta Tabawa a tsallake ranar tukwane. In na sa dariyarta, sai na sa abin da ya kashe dariyar, da wanda ya ba da umarni, da wanda ya riƙe alƙalami."

Waziri ya yi wuf ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kundi fa ba ya mutuwa. Jikokin jikokinka za su karanta wannan. A sa daddawar in ya zama dole, amma a bar zancen tukwane."

Sarki ya yi tunani, domin maganar waziri ba ta rasa gaskiya ba, kuma har yanzu yana son a tuna shi da alheri kamar kowane sarki. Can ya ce, "Ya waziri, irin wannan gyaran na yi wancan karo, ka ga inda ya kai ni. Rubuta duka, Malam."

Ranar arba'in aka taru a ƙofar fada, malamai da hakimai da talakawa, aka shimfiɗa wa matan ƙofar yamma tabarma a gaba. Malam Cindo ya miƙe ya karanta. Marsiyyar ba ta da wata ba ta da rana, amsa-amonta ma ya yi ɗingishi a wuri biyu, mawaƙa suka lura suka yi shiru. Da ya zo kan kwaɗo jama'a suka yi dariya, da ya zo kan tukwane ba wanda ya iya duban sarki. Da aka zo addu'a, liman ya buɗe baki zai ambaci malamin Gabas kamar yadda ya saba, sarki ya ɗaga hannu ya tsai da shi. Ya ce da muryar da kowa ya ji, "Tabawa 'yar Jatau mai hawan ɗorawa. Ni jikansa ne. A yi musu addu'a su biyu."

Bayan an shafa, sarki ya juya ga alƙalan garin da ke zaune a damansa ya ce, "Shekara talatin da ɗaya ina zama ina sauraron ƙarar masu rai, ina ganin na yi adalci. Ku riƙe wannan daga bakin wanda ya gane a makare. Mai rai in an zalunce shi zai kawo ƙara da ƙafarsa. Mamaci ba shi da bakin ƙara, saboda haka duk adalcin da ya rage masa a hannunmu shi ne mu faɗe shi yadda yake."